Itatuwan Tsohon Juji

Zuwa ga Maman Yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya jikin maijego? Ya kuma jaririn da ya ƙwace mini mata tun bai buɗe ido ba? Ki gaya masa ina nan ina jiransa, sai mun yi shari'a. Mu nan lafiya lau, sai dai shinkafar da nake dafawa har yau ba mu fahimci juna ba.

Akwai maganar da ta hana ni sukuni. Ƙungiyar da ta ba mu tallafin mayar da tsohon juji lambun unguwa ta aiko cewa za ta turo jami'a ta duba aikin. Abin da ta gani shi zai sa a ci gaba da tallafin ko a tsaya. Ke kika yi ta zirga-zirga har aka samo shi, shi ya sa nake jin nauyin faɗa miki. Itatuwan bakin hanya sun yi kyau, kejin ƙarfen da na haɗa musu a shago ya hana awaki. Amma na tsakiyar fili kusan duk sun bushe. Wallahi ba rashin ban ruwa ba ne, ban taɓa tsallake ranata ba.

A taron kwamiti Wanzami ya kawo shawara mu sayo manyan dashe mu kafa a gurbin matattun kafin ta zo, mu watsa busasshen ganye a gindinsu kamar sun daɗe. Wasu sun yarda. Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ba na so ki dawo ki tarar wahalarki ta mutu a hannuna. Ki faɗa mini abin da kika gani.

Ki gaishe da surukinmu.

Mijinki,
Mai Walda

Zuwa ga Maman Yara,

Ina gaishe ki da kyau. Na ji daɗi da kika ce maijego ta fara zagaya gida, Allah ya ƙara sauƙi.

Amsarki ta iso, gajeruwa kamar yadda kika saba in ranki ya ɓaci. Na karanta wa kwamiti inda kika ce kada wanda ya taɓa ko da kara ɗaya. Wanzami ya yi fushi, ya ce daga nesa gaskiya ba ta da tsada. Da na je aski ma ko barkwancinsa bai yi mini ba.

Jami'ar ta zo, yarinya ce sa'ar 'yarmu, da takalmin roba a jaka. Ta zagaya, ta yaba kejina, sannan ta tsaya a kan busassun itatuwan nan. Ni dai ƙasa nake kallo. Sai ta ce, "Baba, ko akwai diga a kusa?" Na ɗauko, muka haƙa gindin guda. Ba mu yi nisa ba diga ta fara ƙara. Ashe ƙarƙashin ƙasar duk fasasshen siminti ne da tarin leda da suka danƙare tun zamanin juji. Saiwar ta naɗe kamar hannun da aka dunƙule, ta rasa inda za ta bi.

Ta ce laifin nasu ne, kamata ya yi su gwada ƙasar kafin su ba mu dashe. Ta ce da mun cire matattun, da ba wanda zai san dalili, kuma sababbin ma haka za su bi su. Ban kalli Wanzami ba, amma na ji tarinsa.

Daga nan ta zauna a benci ta yi ta hira da waɗanda ta tarar. Mai kitso da ta dawo da aikinta inuwar bakin hanya ta ce yanzu ba ƙuda ba wari. Baba Direba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya ce nan ne kaɗai yake iya gwada tafiya ba tsoron babur, sai dai yana rasa abin dafawa. Duk ta saurara. Ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Mai Walda

Zuwa ga Maman Yara,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da duk mutanen gidan.

Amsar ƙungiyar ta zo, Alhamdulillahi. Ba duk abin da muka nema muka samu ba. Filin bayan asibiti da kike burin a haɗa cikin aikin, sun ce ba bana ba, na san zai yi miki ciwo. Amma sun turo mota ta kwashe simintin, sun kawo sabuwar ƙasa da taki, da dashen da zai jure wurin. Sun kuma kawo bututun ƙarfe, na yi wa Baba Direba abin dafawa daga ƙofa har benci. Ranar da ya kai ƙarshensa shi kaɗai, sai da na koma shago na share ido.

Na gode wa Allah, na gode wa yarinyar nan da ba ta ji ƙyamar ƙasarmu ba. Ke kuma na gode miki, don da kin yi shiru, ban san ɓangaren da zan faɗa ba.

Wanzami ne ya fara zuwa da shebur ranar aiki, shi ya haƙa ramin farko a tsakiyar fili. Ya hana kowa saka dashe a ciki, ya ce naki ne. Yanzu haka yana nan a buɗe, an kewaye shi da igiya don yara. Hadari ya fara haɗuwa, ki dawo kafin ruwa ya cika shi.

Mijinki mai kewarki,
Mai Walda