Kappa Mai Murmushi

Kyoto, farkon damina

Zuwa ga Yaya Kinu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ruwan bana ya sauka muku lafiya, ke da maigida da ɗanki Sanpei.

Ina sanar da ke cewa majigin yara da nake haɗawa ya kusa kammala, kuma za a nuna shi a makarantar ƙauyenmu. Labarin kappa ne, dodon ruwan nan da Kaka take ba mu labarinsa. Da takarda na yanka shi. Sai in gusa hannunsa kaɗan, in ɗauki hoto, in sake gusawa, har rana ta faɗi. Laima tana nannaɗe mini takardun, idanuna kuma sun gaji ƙwarai.

Mai kamfani ya hana a tsorata yara, ɗan littafin da na koyi sana'ar a cikinsa ma haka ya yi umarni. Saboda haka na sa wa dodon murmushi. Yana kokawa da wani yaro a bakin kogi, su rabu suna abota.

Ƙanenki mai biyayya,
Tokuzo

*

Toku,

Muna lafiya, sai aikin dashen shinkafa.

Har furfura ta fito maka, amma ba ka da magana sai ta ɗan littafi. Ka manta dalilin da ya sa ake ba yara labarin nan? Gurbin da ke ƙarƙashin gada yana shanye babban mutum. Mu muna gona tun safe, babu mai tsare mana yara sai tsoron dodon nan.

Jiya na kama Sanpei da kokwamba a cikin riga, abincin da aka ce dodon ya fi so. Wai kawunsa na birni ya ce kappa abokin wasa ne, zai kai masa. Ka gyara abinka kafin ya iso.

Ka riƙa cin abinci.
Kinu

*

Zuwa ga Yaya Kinu,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Tun da wasiƙarki ta iso hankalina bai kwanta ba.

Na roƙi mai kamfani, ya ce an riga an wanke hotunan, ba za a taɓa ko ɗaya ba. Ya ƙara da cewa masu almakashi suna da yawa a garin nan.

Sai dai akwai abu guda. Majigin ba shi da murya. Mutum ne yake tsayawa a gefen farin ƙyalle yana faɗa wa yara abin da ke faruwa, kuma a ƙauye malamin makaranta ne yake zaɓen mai bayanin. Ni ma'aikaci ne, ba zan ce ki yi wani abu ba. Na dai san malamin yana jin nauyinki.

Ƙanenki,
Tokuzo

*

Toku,

An nuna. Ni na tsaya a gefen ƙyallen.

Da dodonka ya yi murmushi na ce wa yara nama ya gani. Da suka rungume juna na ce ƙibar yaron yake aunawa. Malamin da kansa ya nemi kujera ya zauna.

Babu yaron da ya sake zuwa ƙarƙashin gada. Amma Sanpei ya ƙi shiga ko bahon wanka, gidan duk ya ɗauki wari. In ka sami hutu ka zo ka wanke shi.

Kinu