Kwamfutata Ce, Amma Ta Ce Ba Ni Da Izini

Salamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ka ɓoye sunana, ko da yake duk macen da ke Zongon Kumasi tana karanta layi biyar za ta gane ni, ban damu ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutun, ni na buga shi da hannuna, sai da na yi jika bakwai sannan na shiga makarantar manya na koyi boko.

Ni mai wankan gawa ce. Mu uku ne muke wanke mata a unguwarmu shekara da shekaru, biyu sun riga mu gidan gaskiya, ni na wanke su duka. Yaran yanzu suna so su koya amma tsoro, ranar da aka yi rasuwa kowa sai ta ce tana da uzuri. Kwanaki na kwanta asibiti sati biyu, aka yi rasuwa a unguwar Dichemso, har aka yi la'asar ana neman wadda ta san yadda ake yanka likkafanin mace. Da na ji haka na ce to sai na rubuta komai, daga niyya, yadda ake rufe al'aura, yadda ake warware kitso, ruwan magarya da kafur, da addu'o'in da Larabci, a buga a raba wa matan makaranta. Biro ba ya zama a hannuna, rawa yake, abin da na rubuta jiya yau ni kaina ba na iya karantawa. Amma maɓallin kwamfuta ko hannu na rawa in ka danna harafi shi zai fito.

Shi ne na sayi laftof, da gumina na koko da ƙosai, rasit yana nan cikin akwatina. Ranar saye ɗana na fari ne ya raka ni. Da aka kunna ta tambayi sunan mai ita, mutane cike da shago, ni kuma lokacin sunana ma sai na yi minti biyu ina neman haruffa. Kunya ta kama ni na ce wa mai shago ya ba shi ya sa nasa. Wannan shi ne kuskurena, ban san cewa kyautar gida na yi ba.

Shi makanike ne a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Bayan wata biyu ya aiko matarsa wai in ara masa laftof ɗin, wani abokinsa zai sa masa furogiram da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Na bayar. Tun daga nan da safe ta tafi Magazine, da yamma ta dawo min tana warin baƙin mai, na ƙyale, ɗana ne, kuma da ita yake ciyar da yara huɗu.

To sai na zo sa furogiram ɗin da zai ba ni haruffan Larabci masu wasali da namu masu lanƙwasa, malamarmu ce ta ba ni a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Sai ya fara shiga, koren layi ya kai rabi, ya tsaya, wani akwati ya fito da Turanci. Na yi sau tara. Na kwafe abin da ya ce harafi harafi a bayan kalanda, har da lamba 1402, na hau trotro, motar haya, zuwa Ashanti New Town wajen wata 'yar Asante mai gyaran kwamfuta. Matar kirki, da yarensu Twi ta yi min bayani. Ta ce a cikin na'urar akwai wani babban littafi da ake kira rajistiri, duk furogiram da zai shiga sai ya rubuta kansa a ciki. Ta buɗe ta nuna min shafin da nawa yake so ya rubuta, ta danna wajen famishan, wato izini, sunan ɗana ne mai cikakken iko, ni karatu kawai aka yarje min. Ta ce abokin nan ne ya ƙara ɗaure wajen don kada wani abu ya taɓa furogiram ɗin mota. Wato ni baƙuwa ce a cikin abin da na saya.

Ta ce hanya biyu ce. In ya ba da fasuwod ɗinsa, wato kalmar sirrin da yake buɗe ta da ita, minti biyar za ta ƙara min izini a wannan shafi kaɗai, nasa ba abin da zai same shi. In kuwa ya ƙi, ita ba ta fasa fasuwod ɗin mutum a bayan idonsa, amma tunda ina da rasit za ta goge komai ta ɗora sabo da sunana. Sai dai furogiram ɗin motarsa zai tafi, kuma abokin da ya sa shi ya bar ƙasar.

Ga inda abin ya ɗaure. Ni ba na rufe baki, liman ma in ya yi ba daidai ba ina faɗa masa. Amma ɗan fari ne. Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa kiran sunansa ba, ba ma zama mu yi doguwar magana, haka aka tashe mu. Sai na aika matarsa. Ta dawo ta ce ya ce Mma ta yi haƙuri, in aka taɓa wajen nan abincinsa ne zai zube, kuma me tsohuwa za ta yi da rajistiri, ta faɗa a waya a ɗauki murya mana. Na ce ta koma ta gaya masa ba a buɗe murya a kan gawa, takarda ake riƙewa. Ta sake dawowa ta ce ya ce shi dai ba ya son wannan maganar mutuwa da nake yi kullum. Na ce ta tambaye shi ko in ya kulle laftof Mala'ikan mutuwa ma sai ya nemi fasuwod. Wannan ba ta kai masa ba, na sani.

Yanzu na hana a fita da ita, kwana uku tana ƙarƙashin filona, shi kuma yana dawowa da wuri yana zaune a ƙofar gida. Mai gyara ta ce in zo ranar Asabar.

Ku faɗa min gaskiya. In kai a goge, in ƙona masa sana'a don ya san uwarsa ba yarinya ba ce? Ko in ajiye kunyar shekara arba'in, in kira shi da sunansa a tsakar gida, in ce ya ɗauko laftof mu tafi tare ya buga fasuwod ɗin da hannunsa? Na biyun ya fi min nauyi, ku yarda. Masu ilimin kwamfuta kuma ku ce min ko gaskiya ne ƙara min izini ba zai lalata nasa ba, don in na buɗe baki ba na son a ƙaryata ni.

Shawara ɗaya ce ba na so. Duk wanda zai rubuta cewa in haƙura in bar wa yaro, ya fara rubuta min sunan wadda za ta wanke ni.