Wa Zai Riƙe Wuƙar?

Yaya Deolinda,

Gaisuwa daga Luxembourg. Ya ƙafar Baba? Maigidana lafiya, ni ma da sauƙi, barci ne dai babu. Da kaina na lallaɓa na rubuta, don kada 'yata Graciete ta sani.

Tiyatar rage ƙiba za a yi mata. Dattijon likita ne ya duba ta, amma jiya wani matashin likita ya ce shi zai yi. Na tambaye shi ko ya saba. Ya yi dariya: "Mama, kwantar da hankalinki." Graciete ta ce ina ba ta kunya.

Ɗanki Duarte a asibiti yake aiki, tambayar mini shi: muna iya cewa sai dattijon? Ki amsa kafin Alhamis, ran Juma'a za a shiga da ita.

Ƙanwarki,
Lurdes