Ta Riƙe Numfashi Ina Yi Mata Awo

Anti, don Allah ki taimake ni, bakina ya ɓata abin da hannuna ya kasa gyarawa. Ki yi haƙuri da rubutun. Ni da makaranta mun rabu tun ina aji biyu na sakandare, kuma har yau ba a tantance wanda ya gaji da wani ba.

Ni tela ne, shekara goma sha tara ina kan keke. 'Ya ɗaya gare ni, shekararta tara. Tun tana jaririya ɓul-ɓul take, kumatu kamar an hura, shi ya sa nake ce mata Kabewa. Gado ne kuma, don ni kaina in na zauna ɗinki tumbina ne ke riga ni isa wurin allura.

Wata huɗu da suka wuce na sayo mata 'yar tsanar roba, irin mai gashi har baya, ƙafafu zalau-zalau, ƙugu kamar wuyan kwalba. Na raɗa mata suna Madam Tsinke. In an tashi daga makaranta Kabewa takan zo shago ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ni kuma in aiki ya lafa sai in ɗinka wa Madam riga da ragowar yadi. Har awo nake yi mata da tef, da muryar da nake wa manyan kwastomomi: ƙugu inci uku da rabi, ranki ya daɗe! Yarinya ta yi ta dariya har tana faɗowa daga kan buhu. To kin san mai barkwanci, in ya ga an dara sai ya ƙara. Na shiga cewa Madam ce kwastomar da na fi so, ƙyalle kamar tafin hannu ya ishe ta, ba irin wasu ba da sai an shimfiɗa yadi uku. Ina faɗa ina kashe wa Kabewa ido. Ta yi dariya. Wallahi ta yi, Anti, dariyar ce ta rufe mini ido.

Sai aka sa ranar raba kyaututtuka a makarantarsu, ita za ta karɓi ta lissafi, wanda dai ba a wurina ta gada ba. Na auna ta, na yanka, na ɗinka mata riga ruwan hoda mai zif a baya. Ranar sawa zif ya hau da ƙyar. Mamanta ta ce rigar ta matse, Kabewa ta ce daidai take, kada a taɓa mata. Ni kuma girman kai ya motsa, na ce tef ɗina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na hango ta a gaban jama'a tsaye ƙyam kamar soja, har ina zungurin na kusa da ni ina cewa 'yata ce.

Da muka dawo gida mamanta ta zuge zif, sai ga shatin ɗinki jawur ya zagaye cikinta kamar an ɗaure ta da igiya. Na zaro tef na sake aunawa kafin yarinyar ta ankara, na ga inci uku sun ƙaru. Ashe ranar awo shanye cikinta ta yi, ta riƙe numfashi har na gama rubutawa. Na tambaye ta dalili. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, “Baba, ba na so in cinye maka yadi.”

Na saba da manya masu shanye ciki a gaban tef, daga kafaɗa nake gane su, in ce a saki numfashi kada a sume mini a shago. Amma 'yar cikina na kasa ganewa, don ban taɓa zaton sai na duba ba.

Yanzu mamanta ta ce ta jima tana ganin yarinyar na rage abinci tana cewa ta ƙoshi. Ta ce a jefa 'yar tsanar a shara, in da hali ma a haɗa da bakina. Ni kuma ina tsoron in an ƙwace a ƙara mata wani kukan. Na gwada gyarawa da wasa, na ce Madam Tsinke in an kunna fanka sai an nemo ta a bayan gari. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta daina zuwa shago, buhun yana nan da lotsawar zamanta. Anti, ban iya wani yare ba sai wasa, kuma shi ya yi ɓarnar. Yaya zan dawo da 'yata?

Naka, wato naki,
Tela Mai Dogon Baki

AMSA

Malam Tela, uban da ya sake ɗauko tef don ya ƙaryata kansa bai lalace ba. Kwantar da hankalinka, amma ka yi sauri.

Matarka tana da gaskiya: siffar irin waɗannan 'yan tsana ba ta mutane ba ce, kuma yarinya mai kwana da tashi da ita tana iya fara auna kanta da ita. Kai ma kana da gaskiya: in aka jefar yau, za ta ɗauka hukunci ne a kan faɗin gaskiyar da ta yi, gobe ba za ta sake faɗa ba. A bar mata abarta. Roba ba ta magana, kai ka ara mata baki, kuma yarinya ta gaskata ne don muryar babanta ce.

Sana'arka ta ishe ka gyara. Kira ta shago ka ce aiki za ta taya ka. Ku shimfiɗa babbar takarda, ka zana jikin 'yar tsanar da tsawon mutum, ita mai lissafi ta ninka maka awon. Za ta ga da idonta cewa babu wurin hanji a wannan ƙugun. Sannan ka koya mata abin da kowane tela ya sani: ga jiki ake yanka yadi, in riga ta matse laifin ɗinki ne. Ku farke rigar tare ku sassauta. Ka ɗinka mata wata 'yar tsana ta ƙyalle mai kumatu da tumbi, ta zauna kusa da Madam, ta samu riguna masu kyau daidai da na Madam.

Ka tambaye ta ko tana son sunan Kabewa. In ta yi shiru, amsar ke nan. Ka daina wasa da jikin kowa a gabanta, har da tumbinka, don tana ganin kamanninta a jikinka. Kada ku tsare ta da ido a kan abinci, ku dai riƙa ci tare. In mako biyu ya wuce tana ragewa, ko ta fara ramewa, ku kai ta wurin likitan yara, kada ku jira.

Mafi wuya shi ne wanda za ka fara da shi. Ka durƙusa daidai tsawonta ka ce ka yi kuskure, ka ba ta haƙuri, ka gaya mata a yadda take kake son ta. Shiru zai biyo baya, bakinka zai yi ƙaiƙayi ya kawo abin dariya. Danne shi. Bar ta ta ga babanta sau ɗaya ba ya wasa, ta nan za ta san da gaske kake.

Allah Ya raya muku ita cikin lafiya, Ya sa ka ɗinka mata riguna har girmanta. A gaida mamanta.