Hoton da Za a Kai wa Ashiru

Yaya Sakina,

Ina gaishe ki, da Inna da yara. Ya Madarunfa, tabki ya cika bana?

Lafiyata lau a Maroko. Ina dakon kayan baƙi masu hawan duwatsun gandun daji. Farcen ƙafata biyu sun fita, kar Inna ta ji.

Jiya na tsaya ƙololuwar dutse, ruwa na kwarara daga dutsen yana faɗawa ƙasa, aka ɗauke ni hoton nan. Kin tuna ranar da na kasa hawa gawo in saro wa tumaki ganye, Ashiru maƙwabcinmu ya laƙaba mini Kunkuru? Shekara tara nake amsa sunan.

Ki kai masa hoton ranar kasuwa, gaban abokansa. Ki ce Kunkuru na tambaya, shi me ya taɓa hawa bayan amalanken jakinsa?

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Illo