Ɗan Kunne a Takalmin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da Anti. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu nan sai godiya. Mama tana nan da faɗanta, 'yarka Mimi kuwa ta fara haɗa baƙi, har ni take gyara wa karatu.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san ƙafafun nan da ya daɗe yana cewa suna masa raɗaɗi kamar an zuba barkono, wani lokaci kuma su mutu murus. An ba mu ranar ganin likitan jijiya, Litinin mai zuwa, aka ce mu zo da duk magungunan da yake sha. Ina ta harhaɗa kwalaye a jaka, ashe shi ma nasa shirin yake yi, kuma shirin bai kwanta mini ba. Mutumin da yake wuni yana ƙorafi, tun da aka sa rana wai ya warke. Sai yawan zama a shagon mai gyaran rediyo, wanda aka yi wa irin gwajin da likitan zai yi masa bara. Daga baya Mama ta yi suɓul da baka, ta ce yana sa ta tsikare shi da tsinke a tafin ƙafa, ya yi kamar ya rufe ido alhali yana leƙen kafaɗarta, da ta motsa sai ya ce ya ji. Wato jarrabawa yake son ci, ba magani yake nema ba.

Na san tsoronsa, kada likita ya ce ya ajiye motar da yake kai yaran unguwa makaranta. Wallahi yana ba ni tausayi, motar nan ita ce mutuncinsa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na yi masa magana, sai ya ce ai kun yi waya, kai ma ka ce ba komai ake faɗa wa likita ba. Yaya, ban so in yarda ba, sai dai kwana biyun nan da na ɗauko zancen sai ka kau da shi, kuma ruwa ba ya tsami banza.

To ga abin da ba ka sani ba. Shekaranjiya ɗan kunnen Mimi ya ɓata, muka birkice ɗaki ba mu gan shi ba. Da yamma Baba ya dawo daga kwaso yara, ya cire takalmi, sai ga shi maƙale a tafin ƙafarsa, safa ta jiƙe da jini. Wuni guda yana taka shi bai sani ba, kuma da wannan ƙafar yake taka birki.

Ɗan kunnen yana cikin jakar magungunan yanzu. Tare za mu shiga wajen likita, in bai faɗa ba ni zan faɗa, ko da zai daina amsa gaisuwata. Amma na fi son ka kira shi kafin Litinin, don maganarka yake ji.

Ka gaida Anti da Kawu mai gemu, Mama ma tana gaishe ku. Mimi ta ce lallai in gaya maka ta girma, yanzu ita Baba yake ɗorawa a kujerar gaba.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Auta