Ashe Ba Indiya Ba Ce

Yaya Zinatu,

Salamu alaikum. Ya mutanen Kpébié, ya ƙafar Inna? Baba ya dawo daga Djougou? Karatu lafiya lau a Lille, illa nakan kwana uku ban yi magana da kowa ba. Ba komai.

Wani abu ya ɗaure mini kai. Ranar Asabar wata 'yar ajinmu ta ja ni sauraron waƙar "inde". Na yi ta murna, na zaci Indiya take nufi. Ashe haka suke kiran mawaƙan da ba su da kamfani. Mace ɗaya na tarar, daga ita sai ordinata, wato kwamfuta, ba ganga, ba rawa, muryarta siririya, wani gurnani yana bin ta. Na ce wannan ai shirme ne. Sai ga hawaye sharkaf a fuskata. Yaya, ko kalma ɗaya ban ji ba!

A hanya na gane: gurnanin sak injin niƙan Talle na bayan gidanmu, wanda nake tsine wa kowace safiya. Anya lafiyata ƙalau?

Kada Baba ya ji. Ki ɗaukar mini ƙarar injin a waya ki turo. Minti biyar ma ya isa.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Latifa